Tarihin Haƙar Zumurrudu a Duwatsun Hamadar Gabashin Masar

1.0 Gabatarwa

Kalmar zumurrudu tana cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci tare da 'yan'uwanta irin su yaƙutu da lu'ulu'u da murjani. Yawancinmu mun fara cin karo da ita ne a littattafan addini da na hikayoyi, inda ake siffanta kayan adon sarakuna da gidajensu. Larabawa ma aro suka yi ta hannun Farisawa, kuma asalinta ɗaya da kalmar Girkanci smaragdos, wadda mutanen da suke kiran kowane koren dutse mai ƙyalli da ita. Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne, tsawon shekaru fiye da dubu, mafi yawan zumurrudun da aka yi ado da shi a Rum da Bagadaza da Alƙahira daga nahiyar Afirka ya fito, daga wani ɗan yanki na duwatsu a hamadar da ke tsakanin Kogin Nilu da Bahar Maliya.

A wannan maƙala za mu bi tarihin haƙar zumurrudu a wannan yanki tun daga farkonsa har zuwa lokacin da aka yi watsi da shi. Za mu ga cewa dutsen yana nan a inda yake tun fil'azal, amma aikin haƙarsa yakan tashi ya faɗi ne gwargwadon abubuwa uku: samun ruwa da guzuri a kan hanya, da yardar mutanen hamada masu ƙasar, da kuma kasuwar da ba ta da wani zaɓi. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya kau, ramukan sukan koma kufai.

2.0 Yankin da Yanayin Dutsensa

Yankin da muke magana a kai yana kudu maso gabashin Masar, kudu maso yamma da garin Marsa Alam na bakin teku. Ƙasa ce ta tsaunuka masu duhu da busassun kwaruruka, inda akan yi shekaru ba a ga ruwan sama ba, in kuwa ya zo sai ya zo da ambaliya mai tafiya da duk abin da ta tarar. Manyan wuraren haƙar su ne Wadi Sikait da Wadi Nugrus da Dutsen Zabara da Ummu Kabu da Ummu Harba. Sikait, wadda ita ce cibiyarsu, tana da nisan kimanin kilomita 45 daga gaɓar teku. Girkawa da Rumawa sun kira yankin gaba ɗaya da suna Dutsen Zumurrudu.

Zumurrudu nau'i ne na dutsen da masana ma'adinai ke kira beril. Kafin ya samu sai sinadarai biyu sun haɗu: beriliyam, wanda shi ne ginshiƙin dutsen, da kuromiyam, wanda ke ba shi launin kore. Waɗannan biyu ba kasafai suke zama a dutse ɗaya ba, shi ya sa zumurrudu ya yi ƙaranci a duniya. A wannan yanki, ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce, ruwa mai tsananin zafi da ya fito daga narkakken dutsen giranit ya ɗauko beriliyam, ya bi ta tsagogin wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle wanda ke ɗauke da kuromiyam. A inda suka haɗu ne zumurrudu ya tsiro, dogo-dogo, mai kusurwa shida.

Wannan yanayi ya yi tasiri ga aikin ta fuskoki uku. Na farko, dutsen da ke ɗauke da zumurrudun yana da laushi, ana iya sare shi da diga da guduma, amma kuma yana da saurin ruftawa. Na biyu, zumurrudun ba a shimfiɗe yake ba, a curi-curi yake tare da jijiyar farin dutse, don haka ramukan suka kasance matsattsu masu lauje-lauje, mai haƙa yana bin jijiyar duk inda ta nufa. Na uku, zumurrudun Masar yawancinsa kore ne mai haske-haske, da hazo da tsaga a cikinsa. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce za ta yanke wa ma'adinin hukunci daga baya, kamar yadda za mu gani.

3.0 Batun Ramukan Kiliyofatira

A littattafan 'yan yawon buɗe ido da na masu sayar da kayan ado, sunan da aka fi sanin wurin da shi shi ne Ramukan Kiliyofatira, har wasu kan ƙara da cewa Fir'aunoni sun haƙi zumurrudu a nan shekaru dubbai kafin zamaninta. Binciken masana bai goyi bayan wannan magana ba. James Harrell, masanin ilimin duwatsu na Jami'ar Toledo ta Amurka, ya yi nazarin ramukan da kayan adon da ke gidajen tarihi, kuma a wata maƙala da ya buga a shekarar 2004 ya nuna cewa aikin bai fara ba sai a ƙarshen zamanin daular Girkawan Masar, wato wajen ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Korayen duwatsun da aka samu a kaburburan Fir'aunoni wasu nau'o'i ne dabam, masu fassara ne suka riƙa kiran su zumurrudu saboda tsohuwar kalmar ta game kowane koren dutse.

Ita Kiliyofatira ta rasu a shekara ta 30 kafin Miladiyya, shekarar da Masar ta koma ƙarƙashin Rum. Ke nan aikin yana jariri ne a zamaninta. Bunƙasarsa ta zo ne bayanta, a hannun mutanen da ba a rubuta sunayensu ba. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sunan sarauniya ne ya shahara, alhali masu rarrafe cikin rami da fitilar yumɓu su ne suka yi aikin.

4.0 Zamanin Rumawa

Marubuci na farko da ya ambaci ramukan a sarari shi ne Sitirabo, masanin labarin ƙasa ɗan Girka, wanda ya ziyarci Masar 'yan shekaru bayan Rumawa sun kama ta. Ya ce a wannan hamada akwai wuraren da Larabawa ke haƙa ramuka masu zurfi suna fito da zumurrudu, kuma da Larabawa yana nufin makiyayan da ke gabas da Nilu. Wannan ya nuna mana cewa tun daga farko da hannun mutanen hamada a cikin aikin.

Abin da Rumawa suka ƙara shi ne tsari. Tun wajen shekara ta 275 kafin Miladiyya sarki Batlamiyus na Biyu ya kafa tashar jiragen ruwa ta Berenike a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da Sikait. Rumawa suka gyara hanyar da ta haɗa wannan tasha da garin Ƙift na bakin Nilu, tafiyar kimanin kilomita 380. Filini Babba, marubucin Rum da ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ce kwana 12 ayari ke yi a kanta, kuma da dare ake tafiya saboda zafi. A kowane zango akwai rijiya ko matarar ruwa da aka kewaye da ganuwa, da sojoji masu tsaro. An gina hanyar ce domin fataucin Indiya da Yaman, wato barkono da turare da hauren giwa, amma ramukan zumurrudu sun ci albarkacinta domin ta kusa da su ta wuce. Ta nan hatsi da mai da giya da ƙarfe suke isowa a kan raƙuma da jakuna.

Hukuma ta riƙe aikin da muhimmanci. Wani rubutu da aka sassaƙa a dutse a Wadi Semna a shekara ta 11 Miladiyya, zamanin sarki Agustas, ya ambaci wani hafsan soja mai suna Publius Juventius Rufus a matsayin hakimin yankin Berenike kuma shugaban ma'adinan zumurrudu da zabarjadi da lu'ulu'un teku da duk ma'adinan Masar. Wato mutum ɗaya ne ke riƙe da hanya da rijiyoyi da sojoji da ramuka, domin hukuma ta fahimci cewa ba sa rabuwa.

A Sikait kuwa gari ne sosai ya kafu. Har yau ana ganin gine-gine fiye da ɗari a gefe biyu na kwarin, waɗanda aka ɗora da fallayen dutsen wurin, wasu ma masu bene. Akwai ɗakunan bauta da aka sassaƙa cikin dutse. A ƙofar ƙaramin cikinsu an samu rubutun Girkanci na zamanin sarki Galiyenus, wanda ya yi mulki daga 253 zuwa 268, inda aka ambaci gumakan Sarafis da Isis da Afolo, aka kuma ambaci sunan garin na da, wato Senskis. Tsaunukan da ke kewaye da garin cike suke da ɗaruruwan bakunan ramuka, wasu gajeru, wasu kuma sun ratsa juna a ƙarƙashin ƙasa, da matattakala da ginshiƙan dutse da aka bari don kada rufi ya faɗo.

Kasuwa ita ma a buɗe take. Filini ya sa zumurrudu a matsayi na uku cikin duwatsu masu daraja, bayan daimon da lu'ulu'un teku, ya ce babu launin da ya fi shi hutar da ido. Ya ba da labarin wata mace mai suna Lollia Paulina, wadda ta taɓa auren sarki Kaligula, da ya gani da idonsa a wata walimar baiko ta lulluɓe kanta da wuyanta da hannuwanta da zumurrudu da lu'ulu'u na sestarti miliyan 40. A lokacin sojan Rum sestarti 900 yake samu a shekara, ke nan adon mace ɗaya ya kai albashin shekara na sojoji fiye da 44,000. Saboda taurin dutsen, wanda ke tsakanin 7.5 da 8 a ma'aunin da daimon ke da 10, da kuma saurin tsagewarsa, maƙeran Rum ba su cika feƙe shi ba. Sukan huda shi ne yadda ya fito da kusurwoyinsa shida, su zura shi a sarƙar zinariya. An samu irin waɗannan sarƙoƙi a garin Fomfei da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, ana kuma ganin su a wuyan mata a hotunan mamata na Fayyum. Nazarin kimiyya da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa wani ɗan zumurrudu ya riƙa isowa Turai daga kwarin Suwat na Pakistan ta yau, amma Masar ce babbar majiya.

5.0 Zamanin Bilemiyawa

A ƙarni na 3 daular Rum ta shiga rikicin sarauta da karyewar darajar kuɗi, sai tsaron hamada ya yi rauni. Wajen shekara ta 298 sarki Diyokilishiyan ya janye iyakar kudu zuwa Aswan. Waɗanda suka cike gurbin su ne makiyayan da Rumawa ke kira Bilemiyawa, waɗanda masana da yawa ke ɗauka su ne kakannin ƙabilar Beja ta Sudan da kudancin Masar.

Marubuta uku sun ba da shaidar haka. Efifaniyus, wani babban limamin Kirista na tsibirin Ƙubrus, ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 4 cewa ramukan suna hannun Bilemiyawa. Olimfiyodorus, ɗan Masar da ya ziyarce su a farkon ƙarni na 5, ya ce ba a isa wurin sai da izinin sarki. A ƙarni na 6 kuma Kosmas, wani ɗan kasuwa na Iskandariya, ya ce fataken Habasha ne ke sayen zumurrudu daga Bilemiyawa su kai shi Indiya.

An daɗe ana ɗaukar wannan zamani a matsayin lokacin koma baya. Haƙar kufai da ayarin Joan Oller Guzmán na wata jami'ar Barselona ya fara a Sikait a shekarar 2018 ta nuna akasin haka. An gano cewa da yawa daga cikin gine-ginen garin an yi su ne ko an zauna cikinsu tsakanin ƙarni na 4 da na 6, kuma babban ɗakin bautar yana aiki a lokacin, domin an samu tsabar kuɗi da kaskon turare da ƙananan gumaka da aka ajiye a matsayin baiko. Ma'ana, da sojojin Rum suka ja baya aikin bai tsaya ba. Masu ƙasar sun san rijiyoyi, suna da raƙuma, sun kuma samo wa dutsen sabuwar hanya ta kudu. Sai bayan da aka yi watsi da tashar Berenike wajen tsakiyar ƙarni na 6 ne garin Sikait ya dusashe.

6.0 Zamanin Daulolin Musulunci

6.1 Hulɗa da Beja

Bayan Amru ɗan Asi ya ci Masar tsakanin 639 da 642, sababbin mahukunta sun tarar da matsalar da Rumawa suka bari: ma'adinan zinariya da zumurrudu suna cikin ƙasar Beja. A shekarar 831, zamanin Halifa Ma'amun, aka ƙulla yarjejeniya da shugaban Beja, Kannun ɗan Abdul'aziz, a kan harajin raƙuma 100 ko dinari 300 a shekara, da kuma amincin Musulmin da ke shiga ƙasarsu. A zamanin Halifa Mutawakkil yarjejeniyar ta warware, Beja suka hana haraji, suka kashe wasu masu haƙa, sauran suka gudu, rabon da baitulmali ke samu ya yanke.

Ɗabari ya kawo labarin yaƙin da ya biyo baya a shekara ta 241 Hijiriyya, wato wajen 855 Miladiyya. Halifa ya tura Muhammadu ɗan Abdullahi Alƙummi da runduna. Sarkin Beja, Ali Baba, ya ƙi tsayawa a gwabza, ya yi ta jan su cikin hamada yana jiran guzurinsu ya ƙare. Abin da ya ceci rundunar shi ne jiragen ruwa bakwai da aka aiko ta Bahar Maliya da gari da mai da dabino. Ranar gumurzu kuma Alƙummi ya sa aka rataya wa dawaki ƙararrawa, ƙarar ta firgita raƙuman Beja suka watse. Amma abin lura shi ne yadda aka ƙare: an tafi da Ali Baba Samarra wurin Halifa, aka yi masa kyauta, aka mayar da shi kan sarautarsa bisa sharaɗin kada ya hana aikin ma'adinai. Ko mai nasara ya san cewa da ɗan gari akan ci gari. Daga baya Larabawan Rabi'a da suka zo neman zinariya suka yi auratayya da manyan Beja, har Mas'udi ya ambaci wani shugabansu, Bishru ɗan Marwan, a matsayin mai riƙe da ma'adinai a shekarar 943.

6.2 Abin da Malamai Suka Rubuta

Malaman wannan zamani sun bar mana bayani mai yawa. Yaƙubi, a ƙarshen ƙarni na 9, ya ce ramukan suna wani wuri mai suna Kharibatul Malik, zango takwas daga Ƙift. Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya kasa zumurrudu gida huɗu a littafinsa Murujuz Zahab. Akwai murru, wanda ya fi kowanne kyau; da bahari, wanda sarakunan ƙasashen teku irin su Indiya da Sin suke so; da magribi, wanda sarakunan Turai suke rububi; sai asammu, mafi ƙarancin daraja. Rabon da ya yi bisa kasuwanni ya nuna mana nisan da dutsen wannan kwari yake kaiwa. Tifashi, wanda ya rasu a 1253, ya kasa shi ne bisa launi: mai launin koren ƙuda, wanda ya fi tsada, da mai launin ganyen ɗoɗɗoya, da mai launin ganyen silƙi, da mai launin sabulu.

An kuma jingina wa dutsen camfe-camfe. Mafi shahara shi ne cewa idan maciji ya kalli zumurrudu idanunsa za su tsiyaye. Biruni, a ƙarni na 11, ya ce ya gwada wannan magana tsawon wata tara, ya rataya wa macizai dutsen, ya kaɗa shi a gabansu, bai ga wani abu ya same su ba. Tifashi kuwa, shekaru kusan ɗari biyu bayansa, ya ce shi ya gwada kuma ya ga ta tabbata. Ilimin yau yana tare da Biruni, amma camfin ya taimaka wajen ɗaga farashi.

6.3 Tsarin Aiki da Dainawarsa

Bayani mafi cika a kan yadda ake aikin ya zo ne daga Al'umari, wanda ya rasu a 1349, sannan Ƙalƙashandi da Maƙrizi suka ɗauko daga gare shi. A zamanin Mamalik ramukan mallakar sarki ne. Akwai ma'aikatan hukuma da wakilai amintattu da ke kula da haƙa, baitulmali ke biyan kuɗin aiki, kuma duk abin da aka samu Alƙahira ake kai shi. Idan an fito da dutsen akan jiƙa shi cikin mai, a naɗe cikin auduga, a ƙulle a ƙyalle. Man yana shiga tsagogin dutsen ya ɓoye su, kuma har gobe masu sayar da zumurrudu a duniya suna yin wannan dabara. Kullum idan ma'aikata za su fita akan caje su har cikin tsiraicinsu, amma duk da haka, in ji marubutan, suna da hanyoyin da suke sacewa.

A ƙarni na 14 aikin ya tsaya. Ƙalƙashandi ya ce an yi watsi da shi a zamanin Sultan Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun, Maƙrizi kuma ya ce wani waziri mai suna Ibnu Zunbur ne ya dakatar da shi a zamanin ɗansa, Sultan Hasan. Idan muka dubi halin da Masar ke ciki a lokacin za mu fahimci dalili. Fiye da shekaru ɗari biyu alhazan Masar da na Magrib suna ratsa wannan hamada daga Ƙus zuwa tashar Aizab, hanyar da Ibnu Jubair ya bi a 1183. Daga shekarun 1260 ayarin alhazai ya koma hanyar Sina'i, sai zirga-zirgar kudu ta ragu. Da Ibnu Baɗuɗa ya isa Aizab a 1326 ya tarar Beja suna faɗa da Mamalik, an nutsar da jirage, dole ya juya. A 1348 kuma annobar da ta halaka jama'a masu ɗimbin yawa ta shigo Masar, ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya hau. Ga ramukan sun yi zurfi bayan shekaru fiye da dubu ana haƙa. Hanya ta mutu, zaman lafiya ya gurɓace, kuɗin aiki ya fi abin da ake samu.

7.0 Zuwan Zumurrudun Kolombiya

Sau da yawa akan ce zumurrudun Amurka ta Kudu ne ya kashe na Masar. Lissafin shekaru ya nuna cewa na Masar ya riga ya kwanta kusan shekaru ɗari biyu kafin nan. Abin da na Kolombiya ya yi shi ne ya hana shi sake tashi. A shekarar 1537 Sifaniyawa ƙarƙashin Gonzalo Jiménez de Quesada suka isa ƙasar ƙabilar Muiska, suka ga ramukan Cibor. Wajen 1560 suka kama yankin Muzo bayan dogon yaƙi, suka tilasta wa 'yan ƙasa aikin da ya halaka da yawa daga cikinsu. Dutsen da ya fito daga can ya fi na Masar girma da tsabta da zurfin launi nesa ba kusa ba.

Masu sayen na Masar na da su ne suka koma sayen sabon: fadar Usmaniyya da ta Farisa da ta sarakunan Mugal na Indiya. Shahararriyar wuƙar nan da ke gidan tarihi na Topkapi a Santambul, wadda aka ƙera a matsayin kyauta ga Nadir Shah na Farisa kafin a kashe shi a 1747, manyan duwatsu uku da ke ƙotarta daga Kolombiya suke, alhali Masar tana ƙarƙashin Usmaniyya tun 1517. Da ma rashin farin wata ne ke sa tauraro haske.

8.0 Yunƙurin Farfaɗowa

Muhammadu Ali Basha, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848, yana neman kuɗin gina runduna da masana'antu ta kowace kafa. A shekarar 1816 ya tura wani Bafaranshe masanin duwatsu, Frédéric Cailliaud, ya binciki hamadar gabas. Da jagorancin makiyayan Ababda, waɗanda ba su taɓa mance wurin ba, ya isa Dutsen Zabara. Ya tarar da igiyoyi da kwanduna da fitilu da kayan aiki a cikin ramuka kamar jiya aka ajiye su. A 1817 ya komo da ma'aikata, ya ga kufan Sikait, ya kuma kai wa Basha abin da ya tara. Da Giovanni Belzoni ɗan Italiya ya bi ta wurin a 1818, ya tarar ma'aikatan suna cikin ƙunci: guzurinsu daga Nilu yake zuwa a kan raƙuma, yakan yi jinkiri, ga tsoron rikici da makiyaya, ga abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Ba a daɗe ba aka janye.

A ƙarshen 1899 kamfanin Streeter, masu sayar da kayan ado a Landan, ya aika da ayari, kuma ɗaya daga cikinsu, D. A. MacAlister, ya buga bayanin ramukan a shekarar 1900. Wannan yunƙuri da waɗanda suka biyo bayansa a farkon ƙarni na 20 duk ba su yi riba ba. Dutsen yana nan, amma babu mai biyan kuɗin jigilar ruwa da abinci zuwa tsakiyar hamada don dutse mai hazo, alhali ga na Kolombiya da na Rasha a kasuwa. A yau Kolombiya da Zambiya da Birazil ne ke kan gaba wajen samar da zumurrudu.

A shekarar 2003 gwamnatin Masar ta ayyana Wadi Aljimal a matsayin keɓaɓɓen yanki mai kariya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 7,000 na tudu da teku, kuma Sikait da Nugrus suna cikinsa. Masu zuwa yanzu masu binciken kufai ne da 'yan yawon buɗe ido, kuma Ababda ne ke yi musu jagora.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga yadda haƙar zumurrudu a hamadar gabashin Masar ta faro a ƙarshen zamanin Girkawa, ta bunƙasa a hannun Rumawa, ta ci gaba a hannun Bilemiyawa, ta sake samun tsari a ƙarƙashin daulolin Musulunci, sannan ta tsaya a ƙarni na 14. Mun ga cewa Rumawa sun ci moriyar ramukan ne saboda sun haƙa rijiyoyi sun tsare hanya, halifofi sun ci moriyarsu ne saboda sun daidaita da Beja, kuma dukkansu sun samu kasuwa ne saboda babu wani dutse da ya fi nasu a lokacin. Muhammadu Ali Basha da 'yan kasuwar Landan sun zo da kayan aikin da suka fi na magabata, amma sun tarar kasuwa ta riga ta juya baya, guzuri kuma yana nan da wuyarsa kamar da. Mun kuma ga cewa mahukunta sun yi ta sauyawa, daga Iskandariya zuwa Rum zuwa Bagadaza zuwa Alƙahira, amma makiyayan hamada suna cikin labarin tun daga shaidar Sitirabo har zuwa yau. Duk mai nazarin tarihin ma'adinai, a Masar ne ko a wani wuri, zai amfana idan ya fara da tambayar inda ma'aikata ke samun ruwan sha, da wanda ke da ikon hanyar da suke bi, kafin ya kai ga sunan sarki ko sarauniyar da ta yi ado da dutsen.